Inna Saude Ba Ta da Galihu, In Ji Kalanda

Duk wanda ya tashi a Gyadi-Gyadi zamanin soja ya san wainar Inna Saude, ya kuma san bakinta. Tun tana amarya take suya a ƙofar gida, har maigidan ya rasu, har furfura ta cika mata kai. Ita ake fara gaya wa in an haihu, ita ake kira in maƙwabta sun kaure da faɗa a kan kwata. Ba ta yini ba ta yi cacar baki da wani ba, ba ta kuma kwana da kowa a ranta.

Da mulki ya koma hannun farar hula, ɗanta na fari Habibullah ya sami ƙarin girma a ma'aikatarsu, ya tare a wani gida a Tarauni mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Ya zo ya durƙusa ya ce wahala ta ƙare. Ya sa aka kyautar da tandar wainar, ya ɗauke Inna zuwa gidansa. Ɗaki da fanka, ga talabijin, ga nama kullum. Ɗan albarka ne, wannan ba musu. Sai dai gari na wayewa shi ya tafi ofis, matarsa Hafsah ta tafi makarantar da take koyarwa, jikoki sun bi su. Matar da ta saba gaisawa da rabin unguwa kafin hantsi ta koma yi wa ƙadangaru faɗa a tsakar gida.

Hawan jini ne ya cece ta. Ta je ƙaramin asibitin unguwa, wata nas mai suna Muhibbat ta nuna mata wani ɗaki a baya. A shekarun nan ƙungiyoyin ƙasashen waje sun dawo da fararen motocinsu, yawancinsu a kan awon ciki da tazarar haihuwa, amma ɗaya ta tuna cewa mutane suna tsufa, ta buɗe abin da ta kira Zauren Dattawa. Ana auna jini, ana ba da tabarau, akwai shayi da tabarmi. Inna ta taɓe baki ta ce Turawa dai ba su da aikin yi. Tana shirin wucewa ta ji wata a ciki tana cewa waina ba ta buƙatar kanwa. Ai sai ta cire takalmi.

Mai wannan magana ita ce Mama Okey, tsohuwa 'yar ƙabilar Ibo da ta ƙare ƙuruciyarta tana sayar da manja a kasuwar Tarauni, Hausa a bakinta kamar jakin Kano. Gwiwa ta kayar da ita, 'ya'yanta su ma suka ajiye ta a ɗaki. Daga ranar nan suka zama ƙawaye, wato kullum sai sun yi musu: a kan miya, a kan tarbiyyar 'ya'yan zamani, a kan wadda ta fi ciwon baya. In sun gaji su leƙa layin masu ciki su yi musu faɗan rashin cin abinci. A gida kuwa Inna cewa take za ta awon jini, har Habibullah ya fara tsorata da irin wannan jini da ake aunawa kusan kullum.

Wata rana baƙi suka zo duba aiki, da wata Baturiya mai kyamara. Ranar Inna ta ɗaura tsohon zani, don ta ci alwashin nuna wa Mama Okey yadda ake waina a aikace. Aka ɗauke su suna ƙyalƙyala dariya. Sabuwar shekara na shigowa sai ga kalandar ƙungiyar, hoton su biyu ya cika shafi, a ƙasa an rubuta: "Mu tallafa wa tsofaffi marasa galihu." Marasa galihu! Ga haƙorin Makka yana walƙiya a bakinta, amma duk cikin masu digirin nan ba wanda ya tsaya ya tambayi ko 'yar wa ce, ko uwar wa ce. Masinjan ofishin su Habibullah kuwa, da ba a raba shi da kalandar kyauta, ya kawo ya rataya a bangon da kowa ke wucewa.

Habibullah ya dawo gida da kalandar a naɗe.

"Inna, don girman Allah me na rage ki da shi? Abinci ne ko sutura? Yau har direbobi nuna ni suke, wai ga wanda uwarsa ke gidan gajiyayyu."

Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wannan, gidan gajiyayyu ai shi ne nan da ka ajiye ni. Can mutane nake gani. Ni tunkiyar layya ce da za a ɗaure ni ana zuba mini dusa?"

"To ni ina zan sa kaina a Kano?"

Ta buɗe baki za ta sauke masa kwandon magana, sai ta ga idonsa ya kawo ruwa. Haushi ya kama ta, na Baturiyar, na kalandar, na wannan ƙaton mutum da ke kuka don direbobi sun yi gulma. Amma uwa ce. Ta ce shi ke nan, ta daina.

Ta daina ɗin kuwa, ta kuma daina sauran abubuwa. Ba ta gyara wa Hafsah miya, ba ta yi wa jikoki tsawa, tuwo ya riƙa komawa kicin yadda aka kawo shi. Damina ta zo ta wuce. Hafsah ce ta gaji ta tare mijinta ta ce, "Mutanen da kake jin kunyarsu sun manta da kalandar nan tuni. Inna kuwa tana ƙarewa a gabanmu." Ya yi ta jan ƙafa, daga baya ya sauko. Ya ce shi da kansa zai kai ta Zauren Dattawan.

Inna ta yi wanka, ta sa atamfar sallah don kada wani ya sake yi mata kallon marar galihu. Duk hanya tana shirya abin da za ta faɗa wa Mama Okey in ta fara yi mata gorin ɓacewa.

Suka tarar da ɗakin cike da kwalaye, ba tabarma ko ɗaya. Muhibbat ta fito ta gaishe su, ta ce wa'adin shirin ya cika, ƙungiyar ta koma kan wata cuta, ba a sabunta na dattawa ba.

"Ina Mama Okey?"

"Ai Inna har ranar da aka rufe tana zuwa, kullum sai ta tambaye ki. Da gari ya ɗan yi zafi da rikici kwanakin baya, na ji an ce ɗanta ya mayar da ita can garinsu."

"Wane gari?"

Muhibbat ba ta sani ba. Inna ma ba ta sani ba. Duk zamansu ba ta taɓa tambaya ba, musu bai bar su ba.

Habibullah ya fara cewa zai bincika a kasuwa, zai kuma nemi wasu tsofaffin unguwa su riƙa zuwa gida. Inna ta gyara mayafinta ta nufi mota.

Ta ce, "Mai da ni ka kulle ƙofarka. Yanzu ba mai zaginka."