Gwafar da lokotoro ya zana mini

Salamu alaikum. Fiye da shekara hamsin ban yi wannan zance da kowa ba. Yau zan yi.

Muna unguwar Gaweye ta bakin kogi lokacin, ba a daɗe da samun ƴancin kai ba, ko gada ba a yi ba. Haihuwar fari lafiya lau. Na biyu jikinsa ya yi ruwan ɗorawa har cikin ido, kwana uku ya koma. Na uku ma haka. Ta huɗu ko kuka ba ta yi ba.

Aka ce wabi ne. Na sha saiwa, na sha rubutu. Kuka ma ya daina zuwa. In an ce "Sannu, Hadiza," sai in ce yawwa, in ci gaba da daka.

A ciki na biyar ungozomar asibiti ta sa aka ɗebi jinina. Lokotoro, wato likita, ya zana gwafa, sanda mai hannu biyu, a takarda.

Ya ce, "Jiki yana ƙera irin wannan, ido ba ya ganinsu. Hannuwan biyu su cafke baƙon abu, gindin ya kira masu kashewa. Su ke tsare ki daga ciwo. Amma ƴaƴanki jinin babansu suke ɗaukowa. Tun haihuwar fari jikinki ya ɗauke shi baƙo, bai manta ba."

Na ce, "Ni ke kashe su ke nan."

Ya ce, "Tsaro ne ya ɓata hanya."

Ban ji komai a raina ba. Na ƙulle takardar a bakin zane.

A asibiti na haihu, namiji. Inna, uwar maigidana, ta zo ɗaukarsa a ɗora shi bisa juji kamar yadda ake yi, a nuna ba a so, ko mutuwa ta ƙyale shi.

Na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba inda za shi."

Ranar aka sauya masa jini ta cibiya, kaɗan-kaɗan, da na wana, Yaya Mamman, wanda muke jini iri ɗaya. Na zauna ina kallon idonsa har ya yi fari. Ban yarda na so shi ba sai da ya yi haƙora.

Inna dai Ajuji ta kira shi har ta rasu. Yau ga shi da furfurarsa, shi ya saya mini wayar nan da nake maganar nan da ita.

Na gode Allah. Allah ya jiƙan Yaya Mamman da ungozomar nan.

Mata, ku auna jininku tun cikin fari. Yanzu akwai allurar da ke hana wannan. In jariri ya yi ɗorawa, a kai shi asibiti, kada a jira suna.

Ukun can ba su kai ranar suna ba. Ni na raɗa musu a zuci, har yau ban faɗa wa kowa ba.