Akwatin Iskar Jar Mota

Rumfar facina manne take da garejin Kunnuwa, don haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi. Kunnuwa muke ce masa saboda da kunne yake gyaran mota. Yakan dafa bakin sukudireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya runtse ido, sai ya gaya maka inda ciwon yake. Ga taurin kai kamar me. Abin da kamfani ya sa wa mota ba ya cirewa, ko za ka kwana kana roƙo.

Bara na fara lura in na kira shi ta baya ba ya waiwayowa. Wata rana matarsa ta kawo abinci, ta yi sallama har ta gaji, sai ta dawo wajena.

"Kai ma ka gani ko?" in ji ta. "Don Allah ka rufa mana asiri. In aka ji kunnensa ya fara tafiya, wa zai ƙara kawo masa mota?"

Gaskiyarta. Tun daga ranar, in mai mota ya yi magana sai in maimaita da ƙarfi kamar ina tsokana. Abin yana cin raina, amma haka muka yi ta lallaɓawa.

Sai ga ɗan marigayi amininsa da wata jar mota mai ƙofa biyu, ƙasa-ƙasa kamar ta durƙusa. Mai turbo ce, abin nan da ke cusa wa inji iska don ya ƙara ƙarfi.

"Baba, so nake a cire akwatin iskar nan da tiyonsa. Abokaina duk sun cire nasu. In ka taka totur sai ka ji turbo yana fito."

Na maimaita. Kunnuwa ya harare shi.

"Fito? Mota ka saya ko tsuntsu? Akwatin nan iska mai sanyi yake jawowa daga waje. Ka cire shi, injin ya dinga shaƙar zafin kansa. Ba da hannuna ba."

"To Baba, ko duba min ita. Akwai wata 'yar ƙara da take yi in na ba ta wuta."

Ya bar motar ya tafi. Kunnuwa ya tayar da ita, ya dafa sukudireba nan, ya dafa can, ya juya wannan kunne, ya juya wancan. Har la'asar yana abu ɗaya, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Can na hango shi da sifana yana kwance akwatin.

"Haba Yaya, kai da bakinka ka ce ba ka cirewa!"

"Shi ne ke danne ƙarar," ya ce, bai kalle ni ba. "In na cire zan ji. Shiga ka taka min."

Na shiga na taka. Wallahi fiton nan har cikin haƙorana na ji shi. Tela maƙwabcinmu ya leƙo daga shagonsa, mai walda ya kashe wutarsa ya toshe kunne. A ƙarƙashin fiton kuma ga wata ƙara kamar ana kankare tukunya, ni da ban san komai ba sai taya na ji ta sarai.

Kunnuwa yana sunkuye cikin bonet, yana kaɗa min hannu.

"Taka mana! Cewa na yi ka taka!"

Ƙafata kuwa ta danne totur har ƙasa. Da ya ɗago ya ga tela da mai walda, sai hannun ya sauka a hankali. Ya ɗauki akwatin, ya goge shi da tsumma, ya mayar, ya ɗaure kowane noti a inda yake.

Da saurayin ya dawo, Kunnuwa ya miƙa masa makulli.

"Ɗana, kai ta wani gareji. Ka ce su duba turbon."

"Baba, laifi na yi?"

Kunnuwa ya juyo ya kalle ni, yana jira in maimaita masa. Na kasa.