Jikata da akun dutse

Ni ban yi boko ba, allon ma guduwa na yi, amma Allah Ya ba ni baki. Da shi nake sayar da banda a kasuwar kifi ta Baga Road, shi ne kuma ya kusa jawo mini.

Ina da jika mace a gidanmu na Ajilari, amaryata nake ce mata. Ba wanda ba ta kwaikwayo: mai kiran sallah, mai tura ruwa, har tarin kakarta. Wata ranar Juma'a ta kwaikwayi tafiyata a gaban baƙi, aka yi ta dariya. Na ce zan rama.

Na zaunar da ita na ba ta labarin da na ji wajen mutanen duwatsun Gwoza. Wai aku asalinsa yarinya ce mai gadin dawa a kan dutse, mai satar muryar mutane. Rannan ta kwaikwayi wata tsohuwa, ashe aljana ce. Tsohuwar ta watsa mata tokar murhu, garwashi ya kama gefen zanenta. Shi ya sa aku toka-toka ne, jelarsa ja, kuma har yau ba shi da maganar kansa.

Jikata ta yi tsit. Gari ya waye, tsit. Ko “Kaka” ba ta cewa, sai dai ta riƙa shafa bayanta.

A garin nan mun ga yaran da suka yi shiru, shirun bai sake su ba. Uwarta ta shiga kuka, ana maganar asibiti, ana maganar rubutun sha. Ni kuwa a kasuwa na miƙa wa mai neman tarwaɗa karfasa.

Na dawo na durƙusa gabanta, gwiwa na ƙara.

“Amarya, duba nan.”

Na ɗaura ɗankwalin kakarta, na riƙe ƙugu, na siranta murya: “Malam, warin kifin nan naka zai kashe ni!” Sannan na juya mata baya, na ɗage babbar riga. “Jela ta fito?”

Ta duba da gaske, har da taɓawa.

“Babu,” ta ce can ƙasa-ƙasa. Ta ɗan jima tana kallona. “Amma Kaka, ba ka iya ba. Ba ni ɗankwalin.”