Sauda mai zanen hula da laftof ɗin da ke hanya

A Ƙofar Wambai, in ka tambayi gidan Malam Usama direba, wasu sai sun yi jim kafin su tuna. Amma ka ce gidan Sauda mai zanen hula, ko mai tuyan ƙosai ta bakin titi za ta nuna maka lungun da matsamin da ke hannunta. Shi Malam Usaman bai taɓa jin haushin haka ba. Ya ce shi ya yi shekara talatin yana tuƙa motar ma'aikata, ita kuwa matarsa tana zaune a tsakar gida amma aikin hannunta ya fi shi yawo.

A Ƙofar Ran aka haifi Sauda, 'yar wani maƙerin farin ƙarfe mai yin zobba da awarwaro. Tun tana ƙarama ta gaji mutanen gidan da tambaya. Me ya sa wuta ke yin shuɗi in an zuga ta? Wa ya fara cewa a kira Talata Talata? Mahaifinta kaɗai ne ba ya korar ta. In ya san amsa ya faɗa, in bai sani ba ya ce, "Je ki duba ki zo ki gaya mini." Da wannan ɗabi'ar ta gama sakandare, da ita kuma ta shiga gidan aure.

A can ta tarar da goggon mijinta tana ɗinkin hula, ita da matan maƙwabta. Aka ba amarya allura da zare. Ba ta yi wata biyu ba kowa ya gane ba ta da haƙurin ɗinki, don sai ta ɗinka layi uku ta tsaya tana juya hular a hannu. Abin da ya dame ta shi ne duk hulunan unguwar zane huɗu ne ko biyar ake ta maimaitawa. Ta tambayi Goggo wa ya ƙirƙiro su. Goggo ta ce haka suka tarar. Washegari Sauda ta nemo littafin lissafi na 'yan makaranta, irin mai ƙananan gidaje, ta ɗauki kowane gida a matsayin sukar allura ɗaya, ta fara cike su da fensir mai launi.

Daga nan sana'arta ta tashi. Duk abin da ta gani sai ta tsaya ta ƙare masa kallo: ƙarfen tagar masallaci, bayan ƙadangare, yadda motoci ke zagaya shataletalen Wunti. Ta dawo gida ta mayar da shi gida-gida a takarda, ta raɗa masa suna. Masu ɗinki daga Tirwun har Yalwa suna zuwa su kwafa. Kafin ta kai shekara hamsin ta cika littafi arba'in da wani abu, duk suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado.

Abu biyu ne suka daɗe suna ci mata rai. Na farko, in tana son ganin yadda zane zai fita da ruwan ƙasa maimakon kore, sai ta sake shi tun daga farko, aikin kwana biyu. Na biyu, masu kwafa suna kuskure. Wannan ta tsallake gida ɗaya, wadda ta kwafa a wurinta ta tsallake biyu, kafin zanen ya zagayo Sauda ta gan shi a kan wani a kasuwa da ƙyar take gane nata ne.

Ranar da ta je buga katin bikin ɗiyar ƙanwarta a wani shagon buga takardu, ta ce wa yarinyar da ke aikin koren nan ya yi duhu. Yarinyar ta taɓa wani abu sau ɗaya, katin gaba ɗaya ya koma ruwan hoda. Sauda ta matso da kujerarta.

"Mayar da shi yadda yake."

Ta mayar.

"Sake."

Sai da aka yi haka sau biyar, har na bayanta a layi suka fara gyaran murya. Ta fito daga shagon ta manta jakar katin a kan tebur, sai da aka biyo ta da ita.

Da yamma ta kira 'yarta Ni'ima, wadda ke karatun jami'a a Gombe, ta ce kwamfutar cinya take so, irin wadda ake rufewa kamar littafi. Kuɗin adashenta sun fito, ba ta da abin da ya fi wannan. Ni'ima ta yi dariya, da ta ji da gaske ne kuma ta koma ba da shawara.

"Umma, kada ki yi gaggawa. Akwai laftof ɗin da ake zane a fuskarsa da alƙalami, shi ya dace da ke. Sababbin suna hanya. Ki jira zuwa bayan Sallah."

Sauda ta yarda ta jira, amma ba ta yarda ta jira a gida ba. Ta hau keke mai ƙafa uku ta nufi layin masu sayar da kwamfuta a wajen Wunti, tana leƙa shago-shago. Yawancin masu shagunan samari ne, suna ganin dattijuwa da mayafi sai su zaci ta ɓata hanya. A shago na shida ta tarar da wata mata tana sunkuye a kan kwamfutar da aka buɗe cikinta, da ƙaramin sukundireba a baki. Sunanta Liliyan, 'yar Bogoro ce, ta yi shekara tara tana gyara da sayarwa a wurin.

"Sannu da zuwa, Mama. Wa za a saya wa?"

"Ni. Amma ba yau ba. An ce mini akwai sabuwa tana hanya."

"Kullum akwai sabuwa a hanya, Mama," in ji Liliyan, ba tare da ta ɗago ba.

"To ita wannan da kika farke, me ke damunta?"

Nan Liliyan ta ɗago. Ba a saba yi mata wannan tambayar ba. Ta nuna mata ƙaramar fanka da ƙura ta toshe, ta nuna mata inda na'urar ke ajiye abin da aka rubuta. Sauda ta ce ashe abin yana jin zafi kamar mutum. Ta tambayi me ya sa haruffan da ake latsawa ba a jere suke ba, a da ba da ca. Liliyan ta ce wallahi ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Tun daga ranar, kowace Talata bayan ta sauke abincin rana, Sauda tana shagon. Wai ta zo jin ko sabuwar ta iso. Liliyan ta ware mata wata kujerar roba da wata tsohuwar kwamfuta da mai ita bai dawo ya karɓa ba. A kanta Sauda ta koyi kunnawa da kashewa. Linzamin, ɗan abin da ake ja a kan tebur don motsa kibiyar fuskar kwamfuta, shi ne ya fi ba ta wahala, don hannunta ya saba da fensir, in ta nufi gabas kibiyar sai ta yi kudu. Ta yi sati uku kafin ta daina ɗaga shi sama tana kaɗawa.

Sallah ta zo ta wuce. Sabbin kaya suka iso, sai dai Ni'ima ta duba ta ce waɗannan batirinsu ba ya daɗewa, kuma a garin da wuta ke zuwa yadda ta ga dama batir shi ne komai. Akwai wasu da za su fito ƙarshen shekara. Sauda ta ce to. A cikin watannin nan farashin komai ya ƙara hawa, har da na kwamfutocin da ta tarar a shagon tun ranar farko, suna nan a kan kanta ba su motsa ba.

Malam Usama dai kallo yake. Wata rana suna cin tuwo ya ce, "Maman Ni'ima, ni fa na kasa ganewa. Sayen kwamfuta kike ko zumunci?"

"Jira nake, Malam."

"A ma'aikatarmu an yi wani darakta, shekara huɗu yana jiran sabuwar ƙirar mota. Ni na riƙa kai shi gida a tsohuwar har ya yi ritaya."

Ta yi dariya, amma maganar ta zauna mata. Da ta bincika ranta sai ta tarar jiran bai dame ta ba ko kaɗan. Daɗinsa ma take ji. Muddin ba ta saya ba, tana da dalilin zuwa shagon, tana da damar taɓa wannan ta tambayi waccan. Akwai kuma wani ɗan tsoro da ba ta gaya wa kowa ba: kada ta kwashi kuɗi ta saya, ta kai gida, abin ya ƙi yin aikin da ta saye shi dominsa, matan unguwa su ji labari.

A watan takwas na jiran, Liliyan ta kira ta a waya ranar Asabar. Mai alƙalamin ta iso, guda ɗaya tak, wani injiniya ne ya yi oda amma sai Litinin zai karɓa. Sauda ta bar wanki a baho ta tafi.

Kwamfutar siririya ce, ba ta fi farantin tangaran nauyi ba. Liliyan ta kwantar da fuskarta ta miƙa mata alƙalamin. Sauda ta yi bismilla ta ja layi. Layin ya tafi sumul, ya lanƙwashe, ya yi kyau. Ta sake ja. Bakin alƙalamin yana sulɓi a kan gilashin kamar ƙafa a kan sabulu. Ta gwada zana wanda ta fi sani, wanda take kira idon zabo, ya fito kamar hoto a littafin yara. Ta ajiye alƙalamin.

"Bai yi ba, Mama?"

"Ya yi wa mai zanen fure. Ita allura ba ta san lanƙwasa ba, 'yata, ƙidaya ta sani. Uku sama, biyu gefe. In na ba mai ɗinki wannan, ina za ta soka?"

Wata takwas ke nan. Ta gyara mayafi za ta tashi, sai idonta ya faɗa kan wata kwamfutar a ƙarshen tebur, ta wani malamin makaranta da Liliyan ta gama gyarawa tana gwadawa. Fuskarta fara ce fat, an ja mata layuka a tsaye da a kwance tun daga sama har ƙasa.

"Wannan fa?"

"Ta 'yan ofis ce. Sunayen ɗalibai da makinsu malamin yake zubawa a ciki."

"Gidajen nan, suna shan launi?"

Liliyan ta taɓa ɗaya, ya koma ja.

"Sun yi faɗi. Za a iya matse su, tsawo da faɗi su zo daidai?"

Liliyan ta yi ɗan tunani, ta ja nan ta ja can. Gidajen suka tsuke, suka zama ƙanana, ɗaruruwa, sak shafin littafin lissafi, sai dai wannan shafin ba ya ƙarewa. Sauda ta koma ta zauna. Ta kama linzamin ta fara: uku sama, biyu gefe. Ba ta san lokaci ya ja ba sai da ta ji kiran la'asar. Idon zabo yana nan a fuskar kwamfutar, baƙi da fari. Ta ce a mayar da baƙin ruwan ƙasa. Liliyan ta nuna mata yadda ake yi, ta yi da hannunta, ta kuma mayar, ta kuma sakewa.

"Wannan abin, sai sabuwa ke da shi?"

"Haba Mama. Ko wadda kike koyo a kanta tana da shi. Ya girme ni a sana'ar nan."

Sauda ta riƙe haɓa. Abin da take nema yana gabanta kowace Talata, ba wanda ya nuna mata don ba wanda ya zaci zane ake yi da shi, ita kuma ba ta san da shi ba balle ta tambaya.

Ranar Litinin ta sayi wata ta hannu, 'yar Beljiyam, mai kauri, mai faɗin fuska, wadda Liliyan ta saka wa sabon batir. Gefenta ɗaya ya ɗan tsage. Da ta aika wa Ni'ima hotonta, sai ga kira.

"Umma! Duk jiran nan a kan wannan? Ai ta kusa sa'ar autanmu."

"Tana ƙidaya daidai," in ji Sauda. "Ke dai in kin zo hutu ki koya mini yadda ake aika zane ta waya."

Ba a ce komai ya tafi lami lafiya ba. Satin farko ta yi yini guda a kan wani sabon zane, batir ya mutu ba ta adana ba, zanen ya tafi. Ta buga tagumi har Malam Usama ya tambaya ko rasuwa aka yi. Idonta ma ya riƙa ruwa saboda hasken, sai da aka yanka mata tabarau. Amma kafin damina ta kwashe littafi tara daga akwatin ƙarfe ta zuba a cikin kwamfutar, kuma masu ɗinki sun daina kwafa da hannu, bugaggiyar takarda take ba su.

Bugun farko ma da kuskure ya zo. Liliyan ce ta kai mata aka buga, wajen ƙoƙarin zanen ya cika takardar sai ya miƙe, ya yi tsawo, 'yan da'irorin suka koma kamar ƙwayar kankana. Ba wanda ya lura sai da wata mai ɗinki a Tirwun ta bi shi da ido yadda ta gan shi, ta ƙara suka a tsaye, ta kawo hular. Sauda ta daɗe tana juya ta a hannu. Ba abin da ta zana ba ne, amma ta ga ya fi nata. Malam Usama ya sa ta ya je Juma'a, kafin ya dawo mutum uku sun tambaye shi inda aka yi ta.

Ranar Talata ta kai wa Liliyan hular ta gani, ta ce ta raɗa wa zanen suna kuskuren Liliyan.

"Mama, za ki kashe mini kasuwa," in ji Liliyan, tana dariya har da riƙe ciki.

Sunan dai ya bi shi. Har yau in ka shiga wurin masu hula a kasuwar Wunti za ka ji ana cinikinsa da wannan sunan, kuma yawancin masu sayen sun ɗauka Liliyan ɗin wata baturiya ce.