Ranar da Yayana Ya Tsufar da Amarya

Yayana tela ne, amma hankalinsa na kan motoci, kuma ba irin waɗanda ake shiga ba. Mutum da furfura a gemu, sai ya rufe shago ya zauna a zauren gidanmu na unguwar Zariya yana ƙera 'yan manyan motoci da gwangwanin madara, kowacce ba ta fi takalmi ba. In ya yi mata fenti tsaf, sai ya bi ta ya ɓata. Ya zizara tsatsa a bakin ƙofa, ya sa jar ƙasa a gindin taya, ya baƙanta wajen salansa. Wai motar da ba ta sha hanya ba ƙarya ce.

Ni kuwa kwalliyar amare nake yi. Ranar da na sayo na'urar fesa hoda, wata 'yar bindiga mai tiyo da ɗan injin iska, sai ya ɗauke ta yana jujjuyawa kamar an miƙa masa jariri.

"Wanga abu kike ɓatawa bisa huskar mutane?" in ji shi. "Dubi bakinta, ya hi allura siriri. Da ita ko tsatsa sai in yi mata inuwa."

"Yaya, aje min kayana."

Ina! Kullum na buɗe akwati sai warin fenti ya tare ni. Kwalaben hodata ma ya raɗa musu suna, wannan lakar Gulbi, waccan ƙurar hanyar Tibiri. Na yi masifa har na gaji. Abin da ya fi ba ni haushi, hannunsa ya fi nawa tsayuwa.

Sai bikin autar yayarmu marigayiya ya zo. A Jiratawa ta yi aure, ta ƙare ƙarfinta a garkar zogale, ta rasu autar tana goye. Hotonta guda da ya rage ruwa ya cinye. Na rantse ba mai taɓa fuskar yarinyar nan sai ni. Da safiyar ranar ɗan kabu-kabu ya zubar da ni daga babur cikin rairayi, hannuna na dama ya kumbura, ko cokali ba na iya riƙewa. Ga amarya zaune fuska fayau, ga ƙawaye, ga mai hoto a tsakar gida.

Na sa aka kirawo yayana daga wurin maza. Kawunta ne, ba mai hana shi shiga ɗaki.

"Launi guda, ka bi ko'ina daidai," na ce masa. "Huska ce, ba motar kamyo ba."

"Tahi a ɗaure miki hannu, ke dai."

Na tafi wurin mai ɗori. Da na dawo ɗakin tsit, shi kaɗai ke murmushi. Launi gudan ya sa, ya yi kyau. Amma hannun da ya saba ba ya barin abu sabo. Ya ɗauko lakar Gulbinsa ya bi gefen hanci da gefen baki, ya zurma kumatu, ya sa inuwa ƙarƙashin ido. Yarinya ɗanya shataf ta koma uwar 'ya'ya.

Na buɗe baki zan wanke shi tas, sai kakarta ta wajen uba ta ɗaga labule. Tsohuwar ta dafa bango, ta kira sunan yayarmu.

Sai a lokacin na duba da kyau. Ita ce, kamar yanzu ta shigo daga garka ta sauke kwando. Na nemi bakin gado na zauna.

Amarya ta jawo madubi, ta daɗe tana kallo.

"Kawu, haka take?"

Murmushin ya gudu daga fuskarsa. "Ni dai inda ƙashi ya nuna min na bi," ya ce, ya ajiye bindigar a hankali.

Na jiƙa auduga da hannun hagu na matso zan goge. Amarya ta riƙe min hannu.

"Tanti, dakata. A kira mai hoto tukuna."