Rayuwar Mama Taswira, Mai Auna Ƙasa daga Sama

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayiya Farfesa, wadda 'yan gidansu suke kira Auta, ɗalibanta kuma daga baya suka laƙaba mata Mama Taswira, a shekarar 1954, a wani ƙaramin gari da ya ginu a gefen tashar jirgin ƙasa. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, mahaifiyarta kuwa ungozoma ce a ɗakin shan magani na garin. Ita ce ta biyar kuma ta ƙarshe a wurinsu. Tun tana ƙarama ta fi son zaman shago a kan zaman tsakar gida, har mahaifin ya ɗora mata alhakin tsince ƙananan kusoshin agogo da suka faɗi ƙasa, domin a cewarsa babu abin da ya isa ya ɓuya wa idon Auta.

Neman ilimi da aure

Ta shiga firamare a shekarar 1961, ta wuce sakandare a 1968, sannan a 1973 ta samu gurbi a jami'a a sashen awon ƙasa da zanen taswira, inda ta kasance mace ɗaya tilo a ajinsu. A shekararta ta uku wani malami ya jera hotuna biyu na wuri guda, waɗanda aka ɗauka daga jirgin sama, a ƙarƙashin wata na'ura mai madubai biyu, ya umarce ta da ta leƙa. Idon dama ya kama hoto ɗaya, na hagu ya kama ɗayan, sai ga duwatsu sun taso daga kan takarda, kwaruruka sun nutse.

"Malam, riƙe ni," in ji ta, "wallahi zan faɗa ramin nan."

Ajin ya kwashe da dariya, amma daga ranar ta ƙudurta cewa wannan fanni na auna tsayi da zurfin ƙasa daga hotunan sama shi ne sana'arta. Ta kammala a 1977, kuma a shekarar da ta biyo baya aka ɗaura aurenta da wani likitan dabbobi, mutum mai haƙuri da barkwanci, wanda yakan ce shi yana duba shanu daga ƙasa, uwargida tana duba makiyayarsu daga sama. A 1980 ta tafi ƙetare neman digiri na biyu da na uku, ta bar masa ɗansu na fari yana tatata.

Kafa ɗakin bincike

Da dawowarta a shekarar 1984, jami'ar da ta yaye ta ta ɗauke ta aikin koyarwa, aka ba ta wani sito a ƙarƙashin matakala, wanda ba shi da taga, a matsayin ɗakin bincike. Ita da maigidanta suka share shi, suka shafa masa fenti. Daga nan ta riƙa bin ofisoshi tana roƙon tsofaffin hotunan sama da gara ta fara ci, tana gogewa tana jerawa bisa shekarun ɗaukarsu, har ɗakin ya zama matattarar da duk mai son sanin yadda ƙasar take a da yake nufa.

Jarrabawar ido

A shekarar 1991 hawan jinin ido ya kama ta, kuma duk da aikin da likitoci suka yi, idonta na hagu ya mutu. Da ta koma bakin aiki ta leƙa na'urarta, sai ta tarar da duwatsun sun kwanta, domin zurfi ba ya bayyana sai ga mai ido biyu. Shugaban sashen, da kyakkyawar niyya, ya yi mata tayin komawa ofishin shirya jarrabawa.

"Ranka ya daɗe, na gode," ta ce masa, "amma ido ɗaya na rasa, ba kai ba."

Tana da shekara talatin da bakwai ta zauna a benci ɗaya da ɗalibanta tana koyon kwamfuta. Ta karkata ga hotunan tauraron ɗan'adam, waɗanda lissafi ne yake fassara su, da kuma tsarin ɗora bayanai kala-kala a kan taswira guda, hanya a kan kogi, kogi a kan gona. Kwamfuta ɗaya ce a sashen, wuta kuma sai ta ga dama, amma ba a taɓa jin ta soke darasi ba.

Binciken kogi

Aikin da ya fi fito da sunanta shi ne wanda ta kammala a 1998. Ta haɗa tsofaffin hotunan jirgi da sababbin na tauraron ɗan'adam, ta tabbatar da cewa sabuwar unguwar da ake yankawa a kudancin birnin da jami'ar take, har da filin da aka keɓe wa asibiti, tana zaune ne a kan tsohuwar hanyar kogi, kuma duk shekarar da ruwa ya yi yawa zai nemi hanyarsa. Babban yayanta yana cikin waɗanda suka fara gini a can. Ya same ta har gida.

"Auta, ni na goya ki a bayana. Yanzu gidan nawa za ki shafa wa shuɗin ruwa a takarda?"

"Yaya, ba ni na shafa ba. Ruwan ya riga mu zuwa wurin. Ka tashi, don Allah."

Bai tashi ba, ya kuma ɗauke ƙafa daga gidanta tsawon shekaru. Ita kuwa ta ci gaba da sallama a ofishin masu tsara birni da taswirarta a naɗe a hammata, har masu gadi suka riƙa buɗe mata ƙofa ba tambaya. A ƙarshe aka amince aka mayar da asibitin kan tudu, amma gidaje aka bar su inda suke.

A daminar 2003 kogin ya ɓalle ya bi tsohuwar hanyarsa. Gidaje da dama sun rushe, an kuma yi asarar rayuka, waɗanda suka tsira kuwa a asibitin kan tudu aka tsugunar da su. Da kanta ta je ta ɗauko yayanta da iyalinsa, suka zauna a gidanta har ya sake gini, kuma matarsa ta shaida cewa ko sau ɗaya ba ta tayar masa da tsohuwar magana ba. Da 'yan jarida suka nemi ta ce wani abu, sai ta ce ba ta ga abin murna ba, taswirar da ta kasa tayar da mutane ba ta gama aikinta ba. Daga nan ta wajabta wa ɗalibanta su riƙa kai sakamakon bincikensu ga mazauna wurin, su yi musu bayani baki da baki.

Shekarun ƙarshe da rasuwa

Ta zama farfesa a shekarar 2005, kuma a 2011 jami'ar ta ɗaukaka sashen nata zuwa cibiya mai zaman kanta. Maigidanta ya rasu a 2016. Ta yi ritaya a 2019, amma ba ta daina duba ayyukan ɗalibai ba, da gilashin ƙara girman rubutu a hannu. Ko a gadon asibiti, a makonta na ƙarshe, wata ɗaliba ta zo gaishe ta, sai ta ce a buɗe mata taswirar da ke jakarta. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ɗora yatsa a wani gefe.

"'Yata, rafin nan naki tudu yake hawa. Je ki gyara, ki dawo mini da shi."

Allah Ya yi mata rasuwa ranar wata Talata a watan Maris na shekarar 2022, kafin ɗalibar ta dawo. An yi jana'izarta a ranar, aka binne ta kusa da kabarin maigidanta, a gaban ɗimbin 'yan uwa da tsofaffin ɗalibai, yayanta kuma, da sandarsa, yana sahun gaba. Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: babban ɗanta, injiniyan ruwa, mai bi masa, malamar jinya, ta uku, lauya, sai autansu, wanda ya gaji mahaifinsa a likitancin dabbobi, tare da jikoki tara. Allah Ya jiƙanta, Ya haskaka makwancinta.