Malam Sabo da Tambayar Karin Kumallo

Duk wanda ya zauna ajin adabi na marigayi Malam Sabo a kwalejinmu ya san tambayar nan tasa. Ka kwana kana haddace jigo da salo, ka miƙe za ka zuba, sai ya ɗaga hannu: "Dakata. Tauraron nan me ya ci da safe?"

Wai in ba ka san abin da mutum ya karya da shi ba, ba ka san shi ba. Blessing, wadda babanta ke sayar da kayan mota, ta taɓa ce masa ai labarin bai faɗa ba. Ya dube ta ta saman tabarau, ya ce, "Marubuci ya manta, ke ma sai ki bar bawan Allah da yunwa?"

Ranar darasin wurin da labari ke faruwa kuwa, a ƙafa ya kwashe mu zuwa Gwallaga, ya hana mu hawa keke. Ya tsayar da mu bakin shagon masu walda, ya ce kowa ya rufe ido ya saurari unguwa. Habu sarkin iyayi ya ja da baya, ƙafarsa ta zurma kwata. Malam ko dariya bai yi ba, ya ce, "Yauwa, kai kaɗai ka shiga labarin."

Jigo fa? In ka rubuta "haƙuri", sifili ne. Cewa yake ɗaliban Bauchi ko labarin ɓarawon akuya aka ba su, haƙuri za su gano.

Ni kuwa a zangon ƙarshe abubuwa sun tsaya mana a gida, har na yanke shawarar ajiye karatu. A gwaji ya jefo tambayar tasa, na rubuta cewa tauraron bai ci komai ba. Washegari ya kira ni ofis. Na shiga, na ɗauka sifilina zan karɓa. Sai ya jawo durowa, ya fito da masa mai ɗumi a ƙunshe.

"Tauraron da bai karya ba ba ya kai ƙarshen labari. Zauna ka ci."

Haka ya riƙa yi kullum har na gama, bai taɓa tambayata dalili ba. Wallahi har yau in na tuna sai idona ya cika.

Da muka je gaisuwa, matarsa Hajiya Talatu ta ce abu ɗaya ya ɗaure mata kai: mutumin da likita ya hana cin masa, amma kullum sai ya sa an ƙunsa masa.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya ciyar da shi daga abincin Aljanna kamar yadda ya ciyar da mu.